Baƙin Akwatin Da Ya Kashe Sabis

A gindin turken sadarwa suka fara haɗuwa. Ita tana riƙe da na'urar auna sabis, shi kuwa Dogo yana saukowa daga sama, hular kwanonsa a karkace.

"Injiniya, me allonki ya ce?"

Ta nuna masa ƙananan layuka a jere kamar haƙoran mataji. "Kowanne na ɗauke da nasa kason saƙon. In hayaniya ta rufe su, magana ta mutu a hanya."

Dogo ko kallon allon bai yi ba, fuskarta yake kallo. Daga ranar soyayya ta ƙullu.

Babanta kuwa ya ce atafau. "Mai hawa ƙarfe? Takaba kike nema da ƙuruciyarki?" Ya hana Dogo taka gidan. Shi ɗan abokinsa yake so, Mai Shago, dillalin wayoyi.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Injiniya. Kira ba ya shiga, saƙo ba ya fita, Mama sai tsine wa kamfani take. Abin da ya fi ci mata rai, ko sannu babu daga Dogo. Ta yi kuka har ta gaji, ta rantse ta gama da shi.

Ranar da ta samu ƙarfi ta kunna na'urarta. Kai! Hayaniya ta binne layukan kakaf. Ta bi ta ɗaki ɗaki har bayan durowar Baba. Ga wani baƙin akwati, kyautar Mai Shago, wai mai ƙara ƙarfin sabis. Na'urar toshe sabis ce!

Ba ta taɓa shi ba. Ta jira mugun ya zo dubiya, ya baje a falo yana washe baki. Sannan ta ɗauko akwatin, ta zare wayar wutarsa a gaban kowa.

Wayoyi suka hau kuka. Ta karanta saƙon Dogo da ƙarfi:

"Zumata, Baba ya hana ni zuwa, ba zan ƙetare maganarsa ba. Amma ki ce min kina raye, ko da kalma ɗaya."

Na Baba daga ƙanwarsa ne: "Yaya, ina asibiti, an yi min aiki. Na kira har na haƙura."

Baba ya nuna wa Mai Shago ƙofa. "Fita min daga gida!" Ya juya gare ta. "Kira yaron nan."

"Rabin raina, ka yafe min," ta faɗa wa Dogo a waya cikin kuka, "na zarge ka."

"Muryarki kawai nake nema, Zumata."

Yafiyar ba ta kai ga Mai Shago ba. Da hannunta ta kai akwatin hukumar sadarwa, aka garƙame shagon, aka tsare mai shi.

Ranar ɗaurin aure, bayan Baba ya sa musu albarka, amarya ta tura wa Mai Shago saƙo:

"Yau na zama matar Dogo. Ina fata sabis na kamawa a inda suka ajiye ka."