Kwalin da Auta Ta Kwantar

Tun da Baba ya rasu, motarsa take tsaye a ƙofar gida. Auta kan buɗe ta, ta zauna shiru a ciki. Har yanzu kujerar tana ƙamshin turarensa.

Sai dai motar tana da ciwo. Da an ɗan yi tafiya sai ta ɗauki zafi.

Umma ta ce, "In ba ta gyaru ba, sai dai mu rabu da ita."

Ranar Alhamis Kawu ya zo da kwali a hannu. Ƙanen Umma ne, kuma bakanike.

"Auta, zo ki ga ikon Allah."

Ya fito da wani ƙarfe mai nauyi, zagayayye kamar faranti.

"Wannan ita ce zuciyar fankar mota. Ba waya, ba makunni. Kin ga ɗan ƙarfen nan da ya naɗe kamar dodon koɗi? Shi yake jin zafin inji. In zafi ya yi yawa, sai ya buɗe wata 'yar ƙofa a ciki. Wani mai mai kauri kamar zuma ya gangaro ya kama fanka, ta hau gudu."

Auta ta zaro ido. "Kawu, ƙarfe yana ji?"

"Ya ma fi ki ji. Ke sai an kira ki sau uku."

Ya mayar da shi cikin kwalin. "Ki ajiye shi a tsaye. Kada ki kwantar da shi. Asabar zan ɗaura."

Da yamma Auta ta tashi yin aikin makaranta. Yayanta ya riga ta kama tebur. Ta dubi kwalin. Ta ce a ranta, ƙarfe ne fa, me kwanciya za ta yi masa? Ta kwantar da shi, ta ɗora littafinta. Da ta gama, ta manta shi a haka.

Ranar Asabar da safe ta ɗaga kwalin. Ƙasansa ya jiƙe da mai. Ta goge ƙarfen da tsumma, ta ɓoye kwalin a bayan ƙofa.

Kawu ya kwance tsohuwar zuciyar fankar, ya ɗaura sabuwar. Ya tayar da inji.

"Kowa ya ja baya. Fanka ba abokiyar wasa ba ce. In inji ya yi zafi, za ku ji ta yi ruri."

Suka jira. Allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Fanka tana juyawa a hankali, kamar mai jin barci. Allura ta ƙara hawa. Babu ruri.

Kawu ya kashe motar. Ya daɗe yana kallon injin, sannan ya juya wajen Umma.

"Sabuwa ce fil. Ke nan ciwon ba na fanka ba ne, Yaya. Yana can ciki."

Umma ta shafa jikin motar. Muryarta ta yi ƙasa. "Shi ke nan. Ka kira mutumin da ya ce zai saya."

Auta ta dubi kujerar Baba. Wani baƙo ne zai zauna a kai. Ta ruga cikin gida, ta dawo da kwalin tana kuka.

"Ni ce, Kawu! Na kwantar da shi. Man ya zube, na goge."

Kawu ya taɓa wurin da ya jiƙe. Ya murza man da yatsu.

"Ashe zuciyar ce ta zubar da jininta. Auta, da kin ƙara yin shiru na minti biyar, da motar babanki ta tafi."

"Ka yi haƙuri, Kawu. Umma, ki yafe mini."

Umma ta ce, "Kwantar da kwali kuskure ne. Ɓoyewar ce ta ɓata mini rai."

Sai da aka yi mako guda kafin Kawu ya samo wata. Duk makon Auta ta ci gaba da zuwa makaranta a ƙafa. Da sabuwar ta iso, ita ta rungumo kwalin a tsaye, kamar jariri.

Kawu ya ɗaura. Ya tayar da inji. Allura ta hau, ta hau.

Sai ga wani ruri, huuuu! Iska mai ɗumi ta taso daga gaban motar. Ta kaɗa ɗankwalin Auta. Busassun ganye suka watse a ƙasa. Allura ta tsaya. Sannan ta fara sauka a hankali.

Auta ta saki baki. Babu wanda ya taɓa komai. Ƙarfen ne ya ji, ya amsa.

Umma tana dariya, hawaye na zuba. "Haka take yi in babanku ya hau tudu da ita."

Kawu ya buɗe ƙofa. "To, mai kunnen ƙashi, shiga mu zaga."

Auta ta zauna kusa da kujerar Baba. Ƙamshin yana nan.

Daga ranar ta riƙe abu biyu. In babba ya ba ta umarni, akwai dalili, ko ba ta gan shi ba. In kuma ta yi kuskure, ta faɗa da wuri, tun bai cinye abin da take so ba.