Ɗan Yatsa a Lanƙwashe

"Idan ka tura kwalekwalen nan cikin ruwa, Bezara, ni da kai mun gama."

Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta naɗe igiyarsa kamar da iska nake magana.

"Soazafy, sanyin idona, matsa kada ki jiƙe..."

Wai sanyin idonsa. Ni da na kwana biyu shinkafa ba ta wuce mini maƙogwaro saboda shi.

Duk tsibirinmu na Boraha an san babu mai nutso kamar Bezara, babu kuma mai taurin kai kamarsa. Ya daɗe yana neman jirgin 'yan fashin teku da aka ce ya nitse da zinariya a bayan duwatsu. Sa'anninsa na kamun kifi, suna tsinkar kanumfari, suna aure, shi yana ƙarƙashin ruwa yana tonon yashi. Shi ya sa da ya aiko neman aurena, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da kifaye suka fi mutane saninsa ba.

Abin da Bezara bai sani ba, jirgin na gidanmu ne. Kakan kakanninmu ɗan fashi ne, baƙo mai jan gemu da ya auri 'yar tsibiri. Idan iska ta yi kyau ya fita tare jiragen fatake, idan ta juya ya dawo ya zauna yana cin rogo kamar mutumin kirki. Da jirgin ya nitse da shi, wurin ya zama kabari a gare mu. Ba ma nutso a can, ba ma faɗa wa kowa inda yake.

To, a wurinmu ba a nuna kabari da miƙaƙƙen yatsa, sai a lanƙwashe. Wata rana Bezara ya ɗauki Kakata a kwalekwale zuwa kasuwa, tana nuna masa hanyar kauce wa duwatsu. Ta nuna hagu yatsa a miƙe, ta nuna gaba yatsa a miƙe, da ta zo kan wani filin ruwa da babu tudu babu itace, sai yatsan ya lanƙwashe da kansa. Ita ko lura ba ta yi ba. Shi kuwa idonsa ba ya barin komai ya wuce.

Don wauta, da murnarsa ya zo ya ba ni labari a bakin rijiya, wata budurwa Vaviroa na tsaye da tulunta. Ita Vaviroa ta daɗe tana kai wa uwarsa kifi, kowa ya san ba don Allah ba. Kafin rana ta faɗi ta kai wa Baba cewa ni na sayar da asirin gida don soyayya. Tun ranar Baba bai ƙara kallon inda nake ba.

Duk wannan na zazzage wa Bezara a bakin ruwa. Na ce idan ya taɓa ko ƙwaya ɗaya a kabarin nan, Baba zai gwammace ya aurar da ni ga kaguwa. Sai ya yi mini wannan murmushin nasa mai ƙona rai, ya tura kwalekwale.

Na tsaya ina kuka, rabi tsoro rabi takaici.

Kafin rana ta take gari ya cika bakin teku. Baba ya zo riƙe da hannun Kaka, fuskarsa a murtuke. Vaviroa ta ci kwalliya, har da ruwan kwakwa ta kawo wa sabon attajiri.

Da Bezara ya dawo, hancinsa na zubar da jini, ya sauko rungume da wani abu a naɗe cikin farin mayafi. Ya wuce Vaviroa, ya wuce ni, ya durƙusa gaban Kaka ya buɗe.

Dutse ne. Baƙin dutse, irin wanda ake zubawa a cikin jirgi don kada ya kife.

Jama'a suka tuntsire da dariya. Na waiga, Vaviroa ta yi gaba da kwakwarta. Ni kuwa ji na yi kamar in ɗauki dutsen in rotsa masa kai.

Kaka ba ta yi dariya ba. Wanda teku ya riƙe gawarsa, dutse ake kafa masa a maƙabartar gida don ya zauna cikin danginsa. Namu ba a taɓa kafa masa ba, saboda manya sun ce sai dai dutsen jirginsa, mu jininsa kuma ba ma nutso a can. Ashe Bezara ya ga gurbin da aka bari a jerin duwatsunmu, ya je ya tambayi tsohon da ke kula da maƙabarta.

"Kaka, na zuba wa mamacin zuma na nemi izini kafin in shiga," in ji shi. "Ga shi na kawo muku shi gida."

Kaka ta ɗora tafinta a kan dutsen, hawaye na bin fuskarta. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya yi gyaran murya ya ce Bezara ya turo manyansa. Ni kuma ya ce in je in ci abinci, na rame.

An kafa dutsen, an yanka bijimi, bayan girbin kanumfari aka yi bikinmu. Har zuwa lokacin ban huce ba. Na ce ya bar ni na sha zargi da kuka, alhali da ya gaya mini nufinsa da duk ba a yi haka ba.

"Ai lokacin da na tura kwalekwalen ni ma ban san wanne zan ɗauko ba," in ji shi.

Na zuba masa ido.

"Kenan akwai zinariyar?"

"Akwai, masoyiyata. Ga ta nan kusa da dutsen, har na miƙa hannu..."

"To me ya hana ka?"

"Wurin da zurfi. Numfashin ɗauko abu ɗaya ya rage mini."

Na ce masa ban taɓa ganin sakarai irinsa ba, sannan na ƙara masa shinkafa.