Ranar da Naja'atu Ta Kayar da Muhsin

"Kai Muhsin! Wannan ce yarinyar da za ka kawo mana gida?"

Yaya Inuwa ne ya faɗo tsakar gida da waya a hannu, ko sallama bai ƙarasa ba. Muhsin ya tsame hannu daga kwanon ɗumame ya karɓa. Bidiyon gasar muhawara ne da ɗaliban Ikara da na Kudan suka yi a Makarfi ranar Asabar. Muhsin ne ya tsaya wa Ikara, yana cewa malamai su riƙa naɗa shugaban ɗalibai. Naja'atu kuwa, wadda aka yi musu baiko wata biyu da suka wuce, ita ta tsaya wa Kudan, ta ce ɗalibai su zaɓi nasu. Ta bi hujjojinsa ta warware tas, alƙalai suka miƙa mata kofi.

Inuwa ya ci gaba, "Har 'yan acaɓa dariya suke mana a tasha! Macen da ta ƙure ka a gaban jama'a, me za ta yi maka a ɗaki? Na gaya wa Baba a fasa kawai!"

Kafin azahar magana ta isa Kudan. Naja'atu ta kira Muhsin a waya tana kuka.

"Da na sani da na yi shiru na bar maka, Muhsin..."

"Wallahi da kin bar mini da na ji haushinki. Kin fi ni hujja ne. Hujjarki ta uku ma har yanzu ban samo amsarta ba!"

Ta yi dariya cikin hawaye. "To yanzu ya za mu yi?"

"Ki yi haƙuri, ki taya ni addu'a."

Muhsin ya sami mahaifinsa, Malam Auwalu, a zaure ya durƙusa. "Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. A zauna, kowa ya faɗi nasa, minti uku-uku, ba mai katse wani. Abin da aka yanke zan bi, ko da ba zai min daɗi ba."

Malam ya dube shi ta saman gilashi. "Har da Innarku?"

"Har da Inna, Baba."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma, Malam ya ajiye agogonsa a gaba. Inuwa ya fara, ya yi ta faɗa har lokacinsa ya ƙare. Muhsin ya karɓa a natse.

"Yaya ya ce ta kunyata ni. A duba bidiyon nan, ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Ra'ayina ta kayar, mutuncina na nan."

"Ai wannan..."

Malam ya ɗaga hannu. "Ka yi naka, Inuwa."

Sai aka zo kan Inna Lantana. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, don shekara talatin ba a taɓa tambayarta a irin wannan zama ba.

"Malam, shekarar da ka sayar da masara tun da kaka, na san kuskure ne. Ba a tambaye ni ba, na yi shiru. Ka tuna yadda muka ƙare daminar nan. Ni dai ina son surukar da za ta iya ce wa ɗana ba haka ba ne, cikin ladabi."

Malam ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Gaskiyarki ce. Shawara nake karantar da mutane a zaure, na bar gidana babu ita. Mai son a yi auren nan ya ɗaga hannu."

Hannu uku suka tashi, har da na Malam. Inuwa ya sosa ƙeya.

"An rinjaye ni. Ban canza ra'ayi ba, amma na bi."

Ranar biki kuwa, shi ne ya tuƙa motar ɗauko amarya daga Kudan, yana ta danna ham har ƙofar gida!

'Yan'uwana matasa, wanda ya koyi faɗin ra'ayinsa da ladabi, ya saurari na wani, ya kuma karɓi kaye ba gaba, ya iya zaman aure, ya iya zaman ƙasa.