Sheƙin Tayar Auta

Sufeto bai kai ga rabin kofin shayinsa ba Saje ya faɗo ofis, hula a hannu.

"Yallaɓai, haɗari a kwanar bayan gidan mai. Mai babur ya rasu nan take. Jama'a sun riƙe direban da ya buge shi, in muka yi nawa gawa biyu za mu kwaso."

Da suka isa, sun tarar an rufe gawar da zani a gefen titi. Sabon babur ja yana kwance a bakin kwalbati, ledar kamfani ba a ko cire ta daga kujerarsa ba. Can baya kaɗan motar rabon burodi ce a tsaye, direbanta zaune a ƙasa, an yaga masa riga, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Wani dogon mutum ya cakumi wuyan rigarsa yana kuka kamar ransa zai fita.

"Kai wane ne?" in ji Sufeto.

"Yayansa ne, Yallaɓai. Autanmu ne. Ina biye da shi a kan tsohon babur ɗina, a gaban idona wannan mutumin ya buge shi ta baya."

"Wallahi ban taɓa shi ba," in ji direban. "Faɗuwa na ga ya yi, na tsaya in taimaka."

"To jinin da ke rigarka fa?"

"Ɗaga shi na yi, Yallaɓai."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya ga kukan ƙarya iri-iri, kuma ya tabbata wannan ba ya cikinsu. Saboda haka bai tsawaita tambaya ba. Ya sa aka sanya wa direban ankwa, aka tura shi mota, jama'a suka watse suna yaba wa hukuma.

Sai bayan an tafi da gawar ya tsaya ya dubi titin da kyau. Kwaltar a bushe take, babu yashi, babu zubabben mai. Babu sawun birki ko ɗaya. Ƙarcen da babur ɗin ya yi ya faro ne daga tsakiyar kwanar, ya miƙe har bakin kwalbati. Fitilar baya lafiyarta ƙalau, lambar ma ba ta lanƙwashe ba.

Ya durƙusa gaban tayar baya. 'Yan gashin robar nan na sabuwar taya suna nan cirko-cirko, kuma gefenta yana wani irin sheƙi, baƙi wuluk. Ya shafa da yatsu biyu, ya murza. Santsi. Ya kai hanci, ya ji ƙamshi kamar na lemon tsami.

"Saje, taya tana ƙamshi?"

"Tawa dai wari take yi, Yallaɓai."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya goge gefen tayar da hankicinsa, ya naɗe a leda, sannan ya sa aka ɗora babur ɗin zuwa harabar caji ofis. A ranar ya yanki ɓangaren hankicin ya aika ɗakin gwaje-gwaje.

Washegari ya tarar da wata mata zaune a bencin ƙofar ofis, goye da jariri, da kwanon abinci a cinya. Saje ya ce matar direban ce, tun asuba take nan. Ta miƙe za ta yi magana, Sufeto ya wuce da sauri kamar ana kiransa a ciki. Shugaban ofis ya riga ya ce a shirya takardun kai direban kotu kafin mako ya ƙare.

Daga nan shagon da aka sayi babur ɗin ya nufa. Dillalin, wani mai ƙiba da zobe a kusan kowane yatsa, ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa.

"Ka gargaɗi marigayin a kan sabuwar taya?"

"Haba Yallaɓai, ai kowa muna gaya masa. Sabuwar taya tana fitowa da santsin kamfani, sai an yi tafiya a hankali kwalta ta cinye shi."

"Kai da bakinka ka gaya masa?"

Dillalin ya juya zoben babban yatsansa. "To, ranar shagon a cike yake."

"Wato ba ka gaya masa ba."

"Ban samu sarari ba. Amma ko ban faɗa ba, santsin kamfani ba ya kayar da mai tafiya a hankali a busasshiyar kwalta."

Sufeto ya buɗe ledar ya miƙa masa ragowar hankicin. Mutumin ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba daga wurinmu ba ne. Man sheƙi ne, wanda masu wankin mota ke shafa wa taya."

"Naku baburan ma ai suna sheƙi."

"Tanki da madubi, Yallaɓai. Taɓa tayar kowanne ka ji. Mota a tsaye tayarta ke tafiya, gefenta ba ya taɓa ƙasa, ko man shanu ka shafa masa ba ruwansa. Babur kuwa kwanciya yake yi a kwana. Gefen nan da ake shafa wa mai, a kansa ran mutum yake."

Sufeto ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Duk a bushe suke.

Gidan su marigayin ƙarami ne, mai tsakar gida ta siminti da igiyar shanya. Mahaifiyarsu tana zaune a kan tabarma, ƙafarta ɗaya a miƙe, an ɗaure idon sawun da tsumma. Yayan ba ya nan, an ce ya fita karɓo takardar asibiti.

"Sannu da haƙuri, Mama. Ƙafar fa?"

"Zamewa na yi, ɗan nan. Can wajen, da aka kawo mini labari na tashi da gudu."

Ta nuna kusa da bango. Akwai tabo biyu baƙaƙe a simintin, tsakaninsu tazarar tayoyin babur. Sufeto ya goga takalminsa a kan ɗaya, takalmin ya zame.

"A nan babur ɗin ya kwana?"

"A nan. Ni tun farko ban so a sayi babur ɗin nan ba. Yayansa ne ya yi ta lallashina, wai yaro ya samu aiki a kamfanin rarraba magani, ba zai riƙa zuwa a makare ba. Ya ce, Mama, ni na goya shi, ni zan kula da shi."

"Wani ya taɓa babur ɗin da safen?"

"Babu kowa. Yayan ya ce ko kusa da shi bai je ba, kuma ni ina ɗaki." Ta lalubo waya a ƙarƙashin filo. "Ga hoton da Auta ya ɗauka kafin ya fita. Shi nake ta kallo."

A hoton, saurayin yana murmushi, ya riƙe hular kwano a ƙugu, babur ɗin na walƙiya a bayansa. A ƙasan hoton, daga gefe, an ga bokiti, da wata kwalba mai ruwan ɗorawa, da hannun mutum riƙe da soso. A wuyan hannun akwai agogo mai jan maɗauri.

Sufeto ya san agogon. Ya gan shi a hannun da ya cakumi wuyan direban.

"Yayan nasa wane aiki yake yi, Mama?"

"Wankin mota. Da shi ya biya wa Auta makaranta tun rasuwar babansu. In ya wanke maka mota sai ka rantse yau aka fito da ita daga kamfani."

Ya mayar mata da wayar da hannu biyu. Ya sake yi mata gaisuwa ya fita.

Bai aika a kamo yayan ba. Yana cikin tunanin yadda zai ɓullo wa lamarin, sakamakon gwajin da ya tabbatar man sheƙi ne na kan teburinsa, sai Saje ya leƙo.

"Yallaɓai, yayan marigayi ne a waje da bokiti. Wai a ba shi izini ya wanke jinin da ke jikin babur ɗin, kada a mayar gida tsohuwa ta gani."

Sufeto ya dubi takardar sakamakon. An riga an ɗauki hotuna, an riga an gwada man.

"Bar shi ya wanke."

Ya tsaya a bayan labulen taga. Jinin ya bushe a kan tanki da hannun babur ɗin, ko daga nesa ana ganinsa. Mutumin ya ajiye bokiti, ya zuba garin sabulu, ya waiga hagu da dama. Sai ya durƙusa a gaban tayar baya, ya fito da burushi mai tauri daga aljihu, ya shiga dirzar gefenta da dukkan ƙarfinsa. Ya gama ya koma ta gaba. Tankin ko kallonsa bai yi ba.

Sufeto ya fito a hankali ya tsaya a kansa.

"Jinin yana sama, malam."

Burushin ya tsaya.

"Daga ƙasa nake farawa, Yallaɓai. Haka muke yi."

"Ni ma ina kai mota wanki. Ban taɓa ganin wanda ya fara daga taya ba, ruwan datti zai sake sauko mata. Me kake cirewa?"

"Ƙura ce."

"Ƙura mai ƙamshin lemon tsami? Na ga tabon a tsakar gidanku. Mahaifiyarka ta zame a kansa. Na ga agogon nan a hoton ƙaninka, da soso, da kwalbar."

Mutumin ya dubi agogon kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya zauna daɓas a cikin ruwan kumfar.

"Ranar farko ce a wurin aikinsa," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ba ni da abin da zan ba shi. Na ce bari ya shiga cikin mutane da abin hawa yana ɗaukar ido. Na shafa sau ɗaya, na ga bai yi mini ba, na ƙara. Har cikin zanen tayar na bi da soso. Ya ce, Yaya, ai sai a ɗauka madubi na hau. Muka yi dariya."

"Ka san haɗarinsa?"

"Wallahi ban sani ba. Shekara da shekaru ina shafa wa motoci. Nawa babur ɗin ya tsufa, ban taɓa ɓata mai a kansa ba."

"Me ka gani a kwanar?"

"Ba gudu yake yi ba. Ya kwanta kaɗan zai sha kwanar, sai tayar ta tafi kawai, kamar an janye tabarma. Motar burodin tana can baya da nisa. Da na iso na dafa tayar zan ɗaga babur ɗin, hannuna ya zame. A nan na gane."

"Amma ka ce direban ne."

"Shi ya riga kowa zuwa. Ya rungumi Auta yana kiran a kawo mota. Sai wani a cikin jama'a ya ce, shi ya buge shi? Na tuna Mama. Na tuna abin da na ce mata." Ya share fuska da bayan hannu, kumfa ta shafe masa goshi. "Na ce e. Sau ɗaya na faɗa, Yallaɓai, sai suka hau shi da duka. Daga nan na kasa janyewa."

"Matarsa tana bencin can da jariri. Ka wuce ta da bokitinka."

"Na gan ta."

"Mutuwar ƙaninka, kotu ce za ta duba ko ganganci ne ko ƙaddara. Amma ƙaryar da ka yi wa hukuma, da dukan da ka jawo wa bawan Allah, da shaidar da ka zo gogewa yanzu, waɗannan da saninka ka yi su. Tashi."

Saje ya kawo ankwa. Wannan karon bai yi wani barkwanci ba.

Aka fito da direban daga bayan kanta. Kumburin idon nasa ya sace kaɗan, amma likitan da ya duba shi ya ce da wuya ya koma gani kamar da. Masu gidan burodin kuma sun riga sun ba wani motar. Sufeto ya miƙa masa wayarsa da bel ɗinsa da kansa.

"Ka yi haƙuri. Ka gaya mini gaskiya tun a titi, ban saurare ka ba."

Direban ya karɓa, ya daɗe yana ƙoƙarin zura bel ɗin.

"Yallaɓai, tambaya ɗaya. Gobe in na ga mutum kwance a titi, in tsaya?"

Direban bai jira amsa ba. Ya karɓi jaririn daga hannun matarsa suka fita.

A bakin ƙofar bayan kanta, yayan ya ja ya tsaya, ya waigo.

"Yallaɓai, wa zai gaya wa Mama?"

"Ni."

"To ka ce a zuba yashi a wurin nan na tsakar gida. Kada ta sake zamewa."

Saje ya tura ƙofar, ƙarfen ya yi ƙara. Sufeto ya ɗauki hularsa ya fito haraba. Babur ɗin yana nan a jingine, jinin yana kan tanki yadda yake, tayoyin kuwa sun fita tas, babu sauran santsi ko kaɗan.