Kwatangwalon 'Yar Mai Ɗori

"Kada yaron nan ya ƙara tako min gida!"

Malam Nagoda ya daka wa 'yarsa Juwairiyya tsawa, ya yi jifa da hoton ƙashin kan tabarma. Laifin saurayinta Suhaibu, mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, guda ne tak: shi da ita suka kai ƙanwarta Sumaiya aka duba ta ba da sanin Baba ba.

Kaf Tudun Wada babu wanda bai san Malam Nagoda mai ɗori ba. Har daga Hanwa ake kawo masa masu karaya, gado ne tun kaka da kakanni. Sai ga autarsa Sumaiya 'yar shekara goma sha biyu ta yi wata bakwai tana ɗingishi. Ya shafa, ya ja, ya ɗaure, ciwo sai gaba yake yi.

Juwairiyya ta ce, "Baba, ba targaɗe ba ne. Jini ne ya daina kaiwa kan ƙashin cinyarta, ƙashin mutuwa yake yi. Likita ya ce in ba ka sa hannu an yi aiki da wuri ba, za ta gurgunce..."

"Ni za a koya wa ƙashi? Gobe gari ya ɗauka mai ɗori ya kai 'yarsa an yanka? Ki zaɓa, ko ni ko shi!"

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son Suhaibu kamar ranta. Da ta kira shi ya ce, "Sanyin idona, ajiye maganarmu tukuna. Ni zan iya jira, ƙafar Sumaiya ce ba ta jira."

Juwairiyya ta san mahaifinta sarai. Taurin kai kamar dutsen niƙa, amma bai taɓa ganin ƙashi ya iya kame hannunsa ba. Washegari ta je wurin mahauta ta samo ƙashin cinyar saniya, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Miya za ki yi min da shi?"

"A'a Baba. Dubi, nan saman ne ya mutu, gefen nan yana da rai. Za su yanke nan, su juyo mai ran ya ɗauki nauyinta, su kama da ƙarfe."

Ya ɗauka yana hararar ta. Ya juya, ya shafa da babban yatsa, ya sake juyawa. Can ya ce a hankali, "Wato da gangan za su karya shi... To wa zai yi jinyar karayar?"

"Sun ce sati shida ba za ta taka ba."

"Su ne za su iya lallaɓa yarinya sati shida? Su yi nasu, su miƙo min 'yata!"

Ya sa hannu. Aiki ya yi kyau. Bayan an sallamo su kuwa, ko Inna bai yarda ta juya Sumaiya a gado ba, sai shi, kuma yadda likita ya faɗa haka ya bi, yana yi yana mita.

Wata huɗu bayan nan, wata Asabar da hantsi, Sumaiya ta jingine sandunanta a bango.

"Yaya, Baba, ku kalla!"

Taku ɗaya... biyu... ta ratsa tsakar gida ta faɗa jikin Baba. Inna ta saki guɗa. Juwairiyya tana dariya hawaye na zuba, farin ciki kamar ta tashi sama.

Malam Nagoda ya goge ido da bakin rigarsa, ya gyara murya.

"Juwairiyya, ki gaya wa mai hoton naki ya turo magabatansa. Sumaiya ce za ta raka ki ɗakinki, da ƙafarta."