Ruwan Da Ya Ƙi Ɗumi

Wata Asabar a watan Yuli, bayan la'asar, Alkasim ya tsaya bayan wani kanti a unguwar Jamaica yana loda guntayen katako a motarsa. Itacen hura wuta yake tarawa, a New York, ana tsakiyar zafi. Shi kansa haushin kansa yake ji.

Gidan da ya saya a Queens ya zo da tafkin iyo a baya, irin wanda ake haƙawa a daɓe da siminti. Shekara biyu bai ko kalle shi ba, sai da mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Kano da ciwon gwiwa. Likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwan ɗumi kullum, in dai tana son yin ɗawafi da ƙafarta a hajjin bana. Inna kuwa ba ta da burin da ya wuce wannan. Da Alkasim ya ji kuɗin hitar gas mai ɗumama ruwa, sai ya ce a kai kasuwa, albashin mai lodin kaya a filin jirgi ba zai ɗauka ba.

Sai ya bi dabarar masu ƙaramin ƙarfi. Ya nannaɗe baƙin tiyo a rufin gareji, rana ta gasa ruwan ciki, inji ya tura shi tafki. Ya rufe saman tafkin da shuɗiyar leda mai kauri don kada ɗumin ya gudu. Ranar farko ruwan da ya wuni a tiyon ya fito da zafin da zai fige kaza. Don kada ya narkar da ledar, ya juya bakin tiyon ya tsiyaye shi a lungun katanga. Magariba ce, kuma bai yi bisimilla ba.

Inna ta leƙo ta taga. "Auta, ruwan zafi ka zubar a ƙasa yanzu? Ba ka tsoron ka ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye?"

"Inna, nan fa Amurka ce."

"Ai su ba sa neman biza," ta ce, ta saki labule.

Tun daga ranar ruwan ya ƙi ɗumi. Rana ta wuni tana dukansa, tiyo ya kawo zafi, amma in Inna ta tsoma ƙafa sai ta janye tana cije leɓe, kamar ta sa a ruwan firji. Ya ƙara tiyo. Ya canja inji. Ya canja ma'aunin zafi har sau biyu. 'Ya'yan maƙwabcinsa, mai tiyo iri ɗaya da nasa, suna ta facal-facal a nasu ruwan. Sati uku ke nan, ranar tafiya na matsowa, takaici kamar ya kashe shi.

Shi ya sa yau ya ce ko ni ko ruwan nan. Ya nannaɗe bututun jan ƙarfe a cikin duro, ya haɗa da tiyo, ya cika duron da katako ya cinna wuta. Kafin rana ta faɗi, ma'auni ya fara hawa. Ya yi dariya shi kaɗai.

Ya naɗe rabin ledar, ya tattare wando, ya sauka matakala don ya gwada kafin ya kira Inna. Ruwan ya kai masa gwiwa. Ɗumi, kamar na wankan jariri.

Wani jirgi ya wuce ta saman gidan, ƙasa-ƙasa, yadda suka saba. Ya gan shi sarai. Bai ji ƙararsa ba.

Injin ma ya yi shiru. Wutar tana ci, amma ba ta ƙara.

Sai wari. Ba hayaƙin katako ba ne, ba maganin ruwa ba ne. Ƙaurin fata ne.

Ledar da ta rage a kan ruwan ta taso a tsakiya, kamar kan mutum. Kusa da shi wani ƙaramin kai ya taso. Daga ƙarƙashi aka fara kukan jariri, kukan da ya gaji da fita.

"Kashe wutar," in ji wata murya ta mace, a hankali, dab da kunnensa.

"Wace ce?"

"Kai ka ƙona mini shi. Sati uku ina jiƙa shi a nan, ina sanyaya masa. Yau kuma ka zo dafa shi."

"Uwata ce ba lafiya," ya ce.

"Nawa ɗan fa?"

Aka riƙe idon sawunsa. Duka biyu.

Ruwan ya fara zafi.

Ya ja, ya kasa. Ya sake ja, ya kasa.

Ruwan ya fara tafasa a gwiwarsa.

Bai san yadda Inna ta sauko matakalar baya ba, ita da sai an riƙe ta. Ya dai ji bisimillarta, ya ji cuuu, ta juye butar alwalarta da bokitin wanki a duron. Sannan ta fuskanci ledar.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ni ma uwa ce. Na bar miki ruwan, ki sakar mini nawa."

Kukan ya tsaya. Ledar ta kwanta.

Ya faɗo kan siminti, ƙafafunsa sun saluɓe daga gwiwa zuwa ƙasa. A asibiti suka tambaye shi tukunyar me ya taka. 

Da ya dawo gida ya ce zai kai Inna wani tafkin a cikin gari. Inna ta ƙi, ta ce wadda ta bar wa ruwa ba ta gaya mata iyakarsa ba. Ya sauke tiyon, ya bar ledar a rufe. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

A keken guragu ta yi ɗawafinta, shi yake tura ta yana ɗingishi. A zagaye na bakwai ya sunkuya ya leƙa fuskarta. Ba Ka'aba take kallo ba. Ƙafafun mutane take kallo.