Mahauci da Karyar Maƙwabcinsa

A wani gari mai nisa an yi wani mahauci, gidansa danga ɗaya da na wani mafarauci. Mafaraucin nan yana da karya. Kullum da safe sai ta kutso ta ƙarƙashin danga, ta yi kashi a tsakar gidan mahauci, dab da inda yake shanya kilishi.

Mahauci yakan fusata, ya rarumi abin da ke kusa ya jefe ta. Abin da ke kusa da mahauci kuwa ai ƙasusuwa ne. Sai karya ta cafe, ta tafi tana kaɗa wutsiya.

In sun haɗu a ƙofar gida, mafarauci yakan ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya? Ba wata damuwa dai ko?"

Mahauci ya ce, "Lafiya lau, ba komai."

Matarsa ta ce, "Maigida, ka faɗa masa mana. Masu sayen kilishi fa sun fara gudunmu."

Ya ce, "Ni ba na son fitina da maƙwabci." Ya ci gaba da jifa, karya kuma ta ci gaba da ƙiba.

Ran nan sai ga mafarauci ya yi sallama da kwando a hannu. Ya ce, "Karyata ta haihu. Na daɗe ina ganin yadda kake ciyar da ita, ba ka taɓa yi mini gori ba. Ga 'ya'yanta, duk na ba ka. Ba wata damuwa dai ko?"

Mahauci ya dubi kwikwiyoyin, ya dubi matarsa, ya ce, "Lafiya lau, ba komai."